Yadda Ake Samar wa Sabon Kwas na Manyan Digirori Amincewar Jami'a, a Kuma Yanka Masa Yunit

Malamin da ya daɗe a fanninsa yakan lura ɗaliban digiri na biyu da na uku suna tuntuɓe a kan abu guda shekara da shekaru, har ya ji lokaci ya yi da za a buɗe kwas a kan abin. Tunani ne mai kyau. Sai dai tsakaninsa da ranar da ɗalibi zai ga kwas ɗin a jerin rajista akwai takardu da kwamitoci, kuma sabon malami ba kasafai ake zaunar da shi a nuna masa hanyar ba. Na sha shirya irin wannan takarda, na kuma sha zama a kwamitin da ke duba na wasu. Abin da na fi gani yana mayar da takarda baya shi ne yunit ɗin da aka rubuta, wato ma'aunin lokacin da kwas zai ci wa ɗalibi, bai yi daidai da aikin da aka ɗora masa ba. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan wannan lissafin. Sunayen kwamitoci da fama-famai suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ƙashin bayan aikin ɗaya ne.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka fara

- Fom ɗin neman buɗe sabon kwas, na bana. Ka karɓo shi daga makarantar manyan digirori ko ofishin tsare-tsaren karatu. Kada ka ari wanda abokin aikinka ya cike shekaru biyar da suka wuce, domin ana sauya shi ba tare da an yi shela ba.
- Ƙa'idojin karatun manyan digirori na jami'arka, musamman shafin da ya fassara abin da yunit guda yake nufi.
- Kundin kwasa-kwasan jami'a na yanzu, na dukkan tsangayu, ba na sashenku kaɗai ba.
- Manhajar shirin digirin da kwas ɗin zai shiga: jimillar yunit, na dole nawa ne, na zaɓi nawa ne.
- Kalandar zaman kwamitoci, da ranar rufe karɓar takardu ta kowane zama.
- Ma'aunin hukumar da ke sa ido kan jami'o'i a ƙasarku, ko na ƙungiyar ƙwararru idan fannin yana da ita, kamar likitanci, injiniyanci ko lauya.
- Takarda ko shafin lissafi na kwamfuta don ƙirga awanni.

Idan za ka samu takardun wani kwas da aka amince da shi kwanan nan a tsangayarku, ka karanta su daga farko har ƙarshe, tare da gyararrakin da aka ce a yi. Za su nuna maka abin da kwamitin ya fi sa wa ido.

1. Ka tabbata sabon kwas ake buƙata

Ka buɗe kundin jami'a ka bi shi tsangaya bayan tsangaya. Kwas a kan dabarun bincike, ƙididdiga ko nazarin bayanai, da wuya a ce babu makamancinsa a wani sashe. Idan ka samu wanda ya yi kama da naka, hanya uku ce a gabanka: ka tura ɗalibanka can, ko ku haɗa gwiwa da wancan sashen kwas ɗaya ya fito a jerin sassan biyu, ko ka rubuta a fili abin da ya raba naka da nasu. Kada ka yi shiru kana fatan ba za a lura ba. A kwamitin akwai wakilin kowace tsangaya, kuma kowa ya san abin da ake koyarwa a gidansu.

Ka kuma rarrabe abubuwa uku da sababbin malamai kan cakuɗa. Gyara tsohon kwas, kamar sabunta littattafai ko jera makonni, yawanci a sashe ko tsangaya yake ƙarewa. Sabon kwas, ko sauya yunit, mataki ko jigon tsohon, yana bin dukkan matakan da zan bayyana. Sabon shirin digiri kuwa wani babban aiki ne daban, wanda a ƙasashe da dama sai hukumar waje ta sa hannu. A Najeriya, misali, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, takan aiko masu duba malamai da kayan aiki kafin a fara sabon shiri. Wannan bayanin a kan na tsakiyar ne.

Tambaya ta ƙarshe a wannan mataki ita ce, ina kwas ɗin zai zauna a manhaja? Idan na dole ne, ko dai wani ya fita ya ba shi wuri, ko jimillar yunit ɗin digirin ta ƙaru, kuma ƙara jimilla sauya shiri ne, ba buɗe kwas ba. Idan na zaɓi ne, ka san ɗalibai nawa kake sa ran za su ɗauka, da hujjarka.

2. Ka rubuta abin da ɗalibi zai iya yi idan ya gama

Da yawa sukan fara da jera batutuwan da suke sha'awar koyarwa. Ka ajiye wannan tukuna. Ka fara da jimloli huɗu zuwa shida, kowace tana faɗin abu guda da ɗalibi zai iya aikatawa a ƙarshen zango, wanda kai kuma za ka iya aunawa. "Ɗalibi zai fahimci ƙididdiga" ba ta aunuwa. "Ɗalibi zai zaɓi gwajin ƙididdigar da ya dace da bayanan da aka ba shi, ya kuma kare zaɓinsa a rubuce" tana aunuwa.

A nan ne kwamiti ke gane ko kwas ɗin na manyan digirori ne da gaske. Yawancin masu dubawa suna aiki da rabe-raben matakan koyo da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, waɗanda aka sake wa fasali a 2001: tunawa, fahimta, aiwatarwa, ƙwanƙwancewa, yanke hukunci, ƙirƙira. Idan duk jimlolinka "zai lissafa", "zai bayyana", "zai ambata" ne, to kwas ɗin digirin farko ka rubuta ka liƙa masa babbar lamba. Ɗalibin digiri na biyu ana so ya karanta muƙalun bincike na asali, ya auna hujjojinsu, ya gano rauninsu, ya tsara nasa aikin. Na digiri na uku ana so ya kai ga samar da abin da ba a riga an sani ba.

Akwai jami'o'in da ke barin ɗaliban shekarar ƙarshe ta digirin farko su zauna aji ɗaya da na digiri na biyu. Idan haka kake nufi, ka rubuta tsari biyu. Ɗaliban babban digiri su sami nasu karatun, nasu jingar, da nasu ma'aunin maki. Ƙara musu shafi biyar a kan aikin da kowa zai yi bai isa ba, a ganina. Bambancin a zurfin tunani ya kamata ya fito.

3. Ka shimfiɗa makonni da hanyoyin awo

Yanzu ka jera batutuwa mako-mako, da abin da za a karanta a kowane mako. Sai ka ɗauki jimlolin mataki na biyu ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka, a wace jinga ko jarrabawa zan ga ko ɗalibi ya iya wannan? Duk jimlar da ba ta da awo, ko ka samar mata ko ka cire ta. Duk jingar da ba ta auna komai a jerin, ita ma ta fita. Ka rubuta kason makin kowane aiki, ka haɗa ka ga sun cika 100, ka kuma duba ko ƙa'idar jami'a ta kayyade kason jarrabawa da na aikin cikin zango, da mafi ƙarancin makin cin kwas a matakin manyan digirori, wanda sau da yawa ya fi na digirin farko.

4. Lissafin yunit

Yunit, wanda wasu tsare-tsare ke kira kiredit, ma'aunin lokacin ɗalibi ne. Ba ya auna darajar fanni ko girman malamin da ke koyarwa. Idan ka rubuta yunit 3, kana gaya wa ɗalibi adadin awannin rayuwarsa da kwas ɗin zai ci, shi kuma a kan wannan zai tsara sauran kwasa-kwasansa, aikinsa da iyalinsa. Yawancin ɗaliban manyan digirori manya ne masu ɗawainiya. Wanda ya yanka yunit ƙasa da aikin da ya ɗora ya cuce su, wanda ya yanka sama da aikin kuma ya rage darajar takardar da za su fita da ita.

Tsari uku suka fi yaɗuwa, kuma dole ka san wanne jami'arka ke bi.

Na farko shi ne na awar aji, wanda ya samo asali daga Amurka. Tushensa ma'aunin da Gidauniyar Carnegie ta kafa a 1906 ne, lokacin da take neman hanyar tantance kwalejojin da malamansu za su shiga tsarinta na fansho. A yau dokar gwamnatin tarayyar Amurka, wadda ta fara aiki a 2011, ta fassara yunit guda da awa ɗaya a aji da aƙalla awa biyu na aikin ɗalibi a wajen aji, kowane mako, na kimanin mako 15, ko kwatankwacin wannan aikin a wani tsawon lokaci. Wato awa 45 ke nan ga kowane yunit, 135 ga kwas mai yunit 3. "Awar" aji a wurare da yawa minti 50 ce. Jami'o'in Najeriya da na wasu ƙasashe da dama ma da awannin haɗuwa a mako suke ƙirga yunit. Aikin ɗakin gwaji a wannan tsari yakan ɗauki awa biyu ko uku a mako kafin ya cika yunit guda, domin yawancin aikin a ɗakin ake yin sa.

Na biyu shi ne ECTS, tsarin tara kiredit da musayarsa na Turai, wanda aka fara a 1989 don ɗaliban da ke zuwa karatu wata ƙasa a ƙarƙashin shirin Erasmus, ya kuma bazu bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla don daidaita tsarin jami'o'insu. Shi bai damu da awannin aji kaɗai ba, dukkan aikin ɗalibi yake ƙirgawa. Shekarar karatu guda kiredit 60 ce, kowane kiredit awa 25 zuwa 30. Digiri na biyu yakan kasance 90 zuwa 120.

Na uku na Birtaniya ne, inda kiredit guda yake daidai da awa 10 na aiki. Digiri na biyu na shekara guda kiredit 180 ne, kuma yawanci 60 daga ciki na kundin bincike ne. Kiredit biyu na Birtaniya ake ɗauka a matsayin ɗaya na ECTS.

Ko wanne kuke bi, hanyar aikin ɗaya ce: ka ƙirga awanni tukuna, sannan ka raba. Kada ka fara da lambar da kake so ka dawo kana cika ta. Ga misali da kwas ɗin nazarin bayanai na mako 15:

- Lakca da tattaunawa, awa 2 a mako: awa 30
- Aikin ɗakin kwamfuta, awa 3 a mako: awa 45
- Karanta muƙala ɗaya a mako na mako 13, awa 2 kowace: awa 26
- Jinga biyu, awa 5 kowace: awa 10
- Rahoton ƙarshe: awa 16
- Shirin jarrabawa da zamanta: awa 10

Jimilla awa 137. Raba da 45, ka sami 3 da 'yar ɗoriya, wato yunit 3. Ta fuskar awannin haɗuwa ma ya yi daidai, lakca ta ba da 2, ɗakin kwamfuta ya ba da 1. A ECTS wannan kiredit 5 ne, tunda 5 na nufin awa 125 zuwa 150. A Birtaniya ya fi kusa da kwas mai kiredit 15.

Yanzu ka ɗauka ka ga muƙala ɗaya a mako ta yi kaɗan, ka mayar da su uku. Karatu ya tashi daga awa 26 zuwa 78, jimilla ta zama 189, wato yunit 4 da ɗoriya. Ba ka ƙara ko minti ɗaya a jadawalin aji ba, amma kwas ɗin ya tashi daga mai yunit 3. Ko ka nemi 4, idan manhaja tana da wurinsa, ko ka rage karatun. A nan mafi yawan malamai masu kyakkyawar niyya suke zamewa, saboda awannin aji kaɗai suke gani.

Hattara da abu biyu a wannan ƙirga. Kada ka auna saurin karatun ɗalibi da naka. Muƙalar da za ka gama cikin minti 40 saboda ka san marubutan da muhawarar, ɗalibin da yake ganin dabarar a karon farko zai kwashe awa biyu ko uku a kanta, musamman idan ba da harshensa na farko aka rubuta ta ba. Idan ba ka da tabbas, ka ba ɗalibai biyu ko uku na yanzu muƙala ɗaya da jinga ɗaya, ka roƙe su su rubuta maka lokacin da suka ɗauka. Na biyu, ka duba yadda awannin suka bazu. Awa 135 da rabinsu ya taru a mako biyun ƙarshe, daidai lokacin da sauran kwasa-kwasai ke karɓar nasu rahoton, a takarda daidai ne amma a aikace ba zai yiwu ba.

Idan jami'arku tana raba shekara gida huɗu, zango na mako 10 zuwa 12, yunit ɗinta ya fi ƙanƙanta: yunit 1 na zango mai mako 15 daidai yake da 1.5 na gajeren zango.

5. Kwas ɗin da ba lakca ba ce

Ba kowane kwas ke da aji da allo ba, kuma a nan ake yawan gardama.

Kwas ɗin intanet da ba a haɗuwa a lokaci guda: ka ƙirga bidiyon darasi, karatun da malami ya tsara, tattaunawar da yake shiga, da gwaje-gwaje. Jimillar ta yi daidai da ta takwaransa na aji. Buɗe shafi kawai ba aiki ba ne, sai ɗalibi ya yi wani abu da malami zai gani ya mayar da martani.

Kwas ɗin da aka matse cikin gajeren lokaci: awannin ba sa raguwa. Yunit 3 cikin mako 5 na nufin awa 27 a kowane mako. Wanda ya ce zai ba da yunit 3 cikin mako guda yana neman awa 135 daga makon da duka-duka awa 168 ne a cikinsa, har da na barci. Idan malamin baƙo ne da zai zo na mako ɗaya kacal, sai a sa karatu kafin zuwansa da rahoto bayan tafiyarsa, a rubuta ranakun farawa da gamawa na gaskiya, ko kuma a yanka yunit 1.

Aikin fili ko horo a ma'aikata: ka bi adadin awannin da ƙa'idar jami'a ta sa wa yunit guda, ka faɗi wanda zai sa ido a can, da malamin da zai ba da maki. Makin daga jami'a yake fitowa.

Karatun kai-da-kai da kundin bincike: waɗannan sukan zo da yunit mai sauyawa, misali 1 zuwa 6. Ka rubuta abin da ke raba mai ɗaukar 1 da mai ɗaukar 3, sau nawa za a iya maimaita rajista, da iyakar abin da za a ƙirga cikin digiri. Idan ba a sa iyaka ba, wata rana ɗalibi zai cika rabin digirinsa da kwas ɗaya, kuma babu dokar da za a kama a hana shi. Ka faɗi kuma ko maki za a bayar ko "ya ci, bai ci ba", domin wannan yana shafar matsakaicin makinsa.

6. Suna, lamba da sharuɗɗan shiga

Suna ya zama gajere, mai faɗin abin da ke ciki, wanda zai yi ma'ana ga wanda zai karanta takardar sakamakon ɗalibi bayan shekara ashirin. Ka guji sa sunan wata manhajar kwamfuta ko kalmar da ake yayi. Lamba tana nuna mataki: a yawancin jami'o'in Amurka daga 500 zuwa sama na manyan digirori ne, a Najeriya kuma an saba da 700 ga babbar difloma, 800 ga digiri na biyu, 900 ga na uku. Ka tambayi ofishin magatakarda lambar da ba a taɓa ba wani kwas ba. Sake amfani da lambar kwas ɗin da aka soke yana rikita takardun tsofaffin ɗalibai.

Sharaɗin shiga kuwa, ka sa abin da in babu shi ɗalibi ba zai iya bin darasin ba, ka tsaya nan. Ɗaliban manyan digirori daga jami'o'i daban-daban suke zuwa, don haka ka ƙara "ko makamancinsa, ko izinin malami".

7. Malamai, kayan aiki da maƙwabtan sassa

Kwamiti zai tambaya wa zai koyar. Ka kawo suna aƙalla biyu, masu cancantar koyarwa a wannan mataki bisa ƙa'idar jami'a. Kwas ɗin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yakan mutu ran da ya tafi hutun bincike. Ka nuna kuma wane aiki za a sauke wa malamin don ya ɗauki wannan.

Ka je laburare da jerin karatunka ka tabbata ana samun mujallun. Idan ba a biyan kuɗin wata mujalla, ka nemi muƙalun da aka buɗe kyauta ko a sayi babin da ake buƙata. Idan manhajar ƙididdiga mai lasisi ta fi ƙarfin sashe, akwai R da Python, kyauta ne kuma masu bincike a ko'ina suna aiki da su. Idan babu ɗakin gwajin da ya dace, ka nemi rubutacciyar yarjejeniya da sashen da ke da shi, da ranaku da awanni. Alkawarin baki tsakanin shugabannin sassa yana tafiya da su idan wa'adinsu ya ƙare.

Sai ka aika daftarin ga duk sashen da ka gano a mataki na farko, ka nemi amsa a rubuce, ka ba su lokaci mai ma'ana. Idan ba su amsa ba, ka tuna musu sau ɗaya, ka haɗa kwafin wasiƙun biyu a takardunka. Idan sun ƙi, ka je ka same su ku zauna. Sau da yawa sauya suna ko cire mako biyu da suka yi karo ya isa. Tun ran gini ake zane, saɓanin da ba a warware a ofis ba zai fito a zauren taro, inda ya fi wuyar gyara.

8. Hawa matakan amincewa

Jerin da aka fi sani shi ne: kwamitin manyan digirori na sashe, taron malaman sashe, kwamitin tsangaya, hukumar makarantar manyan digirori, kwamitin manhaja ko tsare-tsaren karatu na jami'a, sannan majalisar malaman jami'a, wato sanet, wadda ita ce ke da hurumin ƙarshe a kan al'amuran karatu. Wasu jami'o'in sun miƙa wannan hurumin ga kwamitin manyan digirori, sanet sai dai a sanar da ita. Wasu kuma sukan nemi ra'ayin masani daga wata jami'a.

Ka yi lissafin lokaci daga ƙarshe zuwa farko. Ka fara da ranar buɗe rajistar zangon da kake so, ka koma ranar rufe kundin kwasa-kwasai, sannan zaman ƙarshe na kowane kwamiti kafin ita. Tunda wasu kwamitocin sau ɗaya suke zama a wata, wasu ma sau biyu a zango, kuskure ranar miƙa takarda da kwana ɗaya kan jawo jinkirin zango guda. Ni ina ba da shawarar a fara shekara guda kafin lokacin, da barin sararin dawo da takarda sau ɗaya. A kowane mataki ka karɓi tsamen bayanan taron da ke nuna an amince, da kwanan wata, domin mataki na gaba zai nema.

Idan lokaci ya ƙure, yawancin sassa suna da kwas mai suna irin "Batutuwa na Musamman" wanda aka riga aka amince da shi. Za ka iya gwada darasinka a ƙarƙashinsa da izinin sashe. Hanya ce mai amfani, tana ba ka adadin ɗalibai da awannin aiki na gaskiya da za ka kafa hujja da su. Amma jami'o'i da yawa sun kayyade sau nawa za a maimaita batu ɗaya a haka kafin a nemar masa lambar kansa.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne fara koyar da kwas da sunan "amincewa tana hanya". Idan ba ta zo ba, ɗalibai sun yi zango guda suna aikin da ba zai shiga takardarsu ba, kuma jami'o'i da yawa ba sa ba da yunit a kan abin da aka koyar kafin amincewa. Ba su suka yi gaggawar ba, amma su za su ɗauki asarar.

9. Ranar taro da gyare-gyare

Idan an ba ka dama, ka halarta da kanka. Ka riƙe lissafin awanninka a takarda guda. Mafi yawan 'yan kwamitin ba 'yan fanninka ba ne, don haka tambayoyinsu ba za su wuce waɗannan ba: me ya sa yanzu, me ya raba shi da wancan, me ya mayar da shi na babban digiri, yaya aka sami wannan yunit, wa zai koyar. Ka amsa a taƙaice, cikin girmamawa, ko da tambayar ta nuna mai yin ta bai karanta takardar ba.

Hukunci yakan zo iri uku: an amince, an amince bisa sharaɗin gyara, ko a sake kawowa. Idan gyara ne, ka yi jadawali mai gida uku: abin da aka ce, abin da ka yi, da shafin da yake. Inda ba ka yarda ba ka faɗi dalili a rubuce. Ka tabbata gyaran ya shiga ko'ina, domin yakan faru a sauya yunit a fom a manta da shi a tsarin darasi, sai takardu biyu masu karo da juna su isa ofishin magatakarda.

10. Bayan amincewa

Ka bi takardar har ofishin magatakarda. Ka buɗe shafin rajista ka duba suna, lamba, yunit, sharaɗin shiga da nau'in maki da idonka. Yunit ɗin da aka shigar ba daidai ba yana da sauƙin gyara kafin rajista, amma bayan an fitar da sakamako sai an taɓa matsakaicin makin kowane ɗalibi. Ka sanar da jami'in jadawali, jami'in jarrabawa da masu ba ɗalibai shawara, a kuma sabunta littafin jagoran ɗalibai.

A zangon farko, ka roƙi ɗalibai su riƙa rubuta awannin da suke kashewa kowane mako, ba tare da sa suna ba. A ƙarshe ka kwatanta da lissafinka na mataki na huɗu. Idan bambancin kaɗan ne, ka daidaita karatu da jinga da kanka, ka sanar da sashe. Idan ya kai yunit guda, sama ko ƙasa, ka cike fom ɗin sauya yunit ya bi matakan da ya bi da farko, kafin a buɗe rajistar zagaye na biyu.